Wuraren da ƙa'idar lantarki ta yarda a raba wuta da ƙasa

Wutar da ke isa Nasko, hedikwatar ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, tana fitowa daga taransifoma da ƙarfin bolt 230 don gidaje, ko bolt 400 don injinan niƙa da makamantansu, kuma a gindin taransifomar akan ɗaure nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da sandunan tagulla da aka kafa cikin ƙasa. Amfanin wannan haɗi shi ne, idan rufin waya ya kwaile har ta taɓa jikin firji ko injin famfo, wutar takan sami hanyar komawa tushenta, sai fis ko na'urar katsewa ta yanke layin tun kafin hannun mutum ya kai wurin. Wannan shi ne asali a ƙa'idojin da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2015, kuma hukumar NEMSA ce ke duba ko an kiyaye su.

Duk da haka, ma'aunin duniya na IEC 60364 ya amince da wani tsari mai suna IT, inda ba a haɗa tushen wutar da ƙasa kai tsaye. A nan, idan waya guda ta taɓa ƙarfe, wutar da ke tsiyaya kaɗan ce ƙwarai saboda ba ta da cikakkiyar hanyar komawa, don haka aiki ba ya tsayawa. Shi ya sa aka fi amfani da tsarin a wuraren da ɗaukewar wuta ta fi irin wannan matsalar haɗari, musamman ɗakin tiyata, inda numfashin majinyaci ke iya rataya a kan na'ura. Dokar lantarki ta Amurka ma, a sashe na 250.21, ta ba wasu masana'antu irin wannan dama, kuma Norway ta daɗe tana raba wuta ga gidaje da yawa a haka.

Sai dai izinin yana tafe da sharuɗɗa masu tsauri, waɗanda su ne ainihin maganar. Dole a girka na'urar da ke auna lafiyar rufin wayoyi dare da rana, wadda a asibiti take kaɗa ƙararrawa da zarar juriyar rufin ta sauka zuwa om dubu 50, kuma dole a sami ma'aikacin da zai gano matsalar ya gyara ta, domin idan ta biyu ta auku a wata wayar alhali ta farko na nan, wuta za ta bi ta jikin kayan biyu da cikakken ƙarfinta. Haka kuma jikin kowace na'ura yana nan a haɗe da ƙasa. Tushen wutar kaɗai aka ware.

Da wannan ya kamata a auna abin da ake gani a garuruwa irin Nasko. Fitilar sola mai bolt 12 ba ta buƙatar sandar ƙasa, haka ƙaramin janaretan da ke ba kayan aiki guda ɗaya wuta kai tsaye. Amma da zarar an jona janareta ko inbata da wayoyin gida baki ɗaya, soket-soket da gajiyayyun wayoyi sun yi yawa, babu kuma ƙararrawar da za ta faɗakar, sai matsalar farko ta yi watanni ba wanda ya sani. Gidan da aka bari babu sandar ƙasa don rage kuɗin aiki bai shiga cikin izinin ba ko kusa, sakaci ne mai iya cin rai. Ko wanda ya kafa sandar yana buƙatar mai gyaran wuta ya auna ta da rani, lokacin da ƙasa ke bushewa ta rage karɓar wuta, ya kuma sa na'urar katsewa mai miliamfiya 30.