Hadimin Jama'a: Yadda wasan barkwanci ya share wa Zelensky hanyar mulki

A watan Nuwamban 2015, tashar talabijin ta 1+1 da ke ƙasar Yukren ta fara haska wani wasan barkwanci mai dogon zango mai suna Sluha Narodu, wato Hadimin Jama'a. Kamfanin Kvartal 95 ne ya shirya shi, kuma jagoran kamfanin, Volodymyr Zelensky, shi ne tauraron wasan.

Zangon farko ya ginu ne a kan labarin Vasyl Holoborodko, malamin tarihi a makarantar sakandare, wanda aurensa ya mutu, yake zaune a gidan iyayensa. Wata rana ransa ya ɓaci, ya yi ta ragargazar 'yan siyasa da cin hancinsu, bai san wani ɗalibi na naɗar bidiyonsa ba. Bidiyon ya karaɗe intanet, aka yi masa karo-karon kuɗin tsayawa takara, sai ga malam ya wayi gari shugaban ƙasa.

Wasan ya karɓu ne saboda lokacin da ya fito. A watan Fabrairun 2014 zanga-zangar Maidan ta tilasta wa Shugaba Viktor Yanukovych tserewa zuwa Rasha, amma wanda ya hau kujerar bayan zaɓe, Petro Poroshenko, shi ma hamshaƙin attajiri ne. Jama'a na ganin an canja fuska, an bar tsarin yadda yake. Wannan takaici wasan ya mayar abin dariya: attajirai uku na juya gwamnati a bayan fage, dangin sabon shugaba kuwa tuni suka fara lissafin abin da zai shigo aljihunsu.

Sai dai maganin da zangon ya gabatar abin dubawa ne. Da Holoborodko ya rasa amintattu a cikin gwamnati, sai ya danƙa manyan muƙamai ga abokansa na da, ya kuma ɗora tsohuwar matarsa a kan babban bankin ƙasa. Mai kallo na yafe masa don ya san zuciyarsa fara ce. Amma a zahiri, talaka ba ya ganin zuciyar shugaba. Kotu da majalisa da 'yan jarida ne garkuwarsa.

Daga bisani wasa ya zama gaske. A 2018 aka yi rajistar jam'iyya da sunan shirin, kuma a daren ƙarshe na shekarar Zelensky ya bayyana takararsa a wannan tasha. A watan Afrilun 2019 ya kayar da Poroshenko da kashi 73 cikin ɗari na ƙuri'u. Kamar Holoborodko, shi ma ya jawo abokan aikinsa na Kvartal 95 cikin gwamnati. Ivan Bakanov, abokinsa tun ƙuruciya, ya shugabanci hukumar tsaro ta SBU har zuwa Yulin 2022, lokacin da aka sauke shi ana tsakiyar yaƙi da Rasha.

Akwai kuma tambayar da masu suka suka riƙa yi tun lokacin kamfe: tashar da ta haska wasan da ke caccakar attajirai tana hannun attajiri Ihor Kolomoisky ne, wanda ke takun-saƙa da Poroshenko. An kama Kolomoisky a watan Satumban 2023 bisa zargin zamba, a ƙarƙashin mulkin mutumin da tasharsa ta ɗaukaka.