Haɗin Kan Likitoci da Ma'aikatan Jinya a Matakin Farko

Kiwon lafiya a matakin farko aikin gayya ne. A taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa likita shi kaɗai ba zai iya riƙe lafiyar al'umma ba. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiyar Najeriya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya kai da fata kan wannan tsari, kuma a 1992 aka kafa hukumar NPHCDA domin bunƙasa shi.

A yawancin asibitocin sha-ka-tafi na karkara babu likitan da ke zaune. Nas da ungozoma da ƙananan malaman asibiti su ke awon ciki, su yi rigakafi, su karɓi haihuwa. Likita yana babban asibiti, can ake tura masa abin da ya fi ƙarfinsu. A wannan gaɓar ake gane ko akwai haɗin kai. Mace ta haihu tsakar dare, jini ya ɓalle. Ungozoma ta yi mata allurar tsayar da jini, ta ɗaura mata ruwa, ta kira likita. Idan ya ɗauki waya ya saurare ta, ya sa aka tanadi jini kafin mota ta iso, ungozoma za ta koma bakin aiki da ƙarfin gwiwa. Idan kuwa ya tare ta da faɗa a gaban dangin mai jego, gobe sai ta yi ta jan ƙafa kafin ta kira, mara lafiya kuma shi ke ɗanɗana kuɗar wannan jinkiri.

Albashi a kan kari da isassun kayan aiki suna da muhimmanci, babu ja. Amma ma'aikaci yakan ji daɗin aikinsa ne idan ya san iyakar hurumin da aka ba shi, ana jin shawararsa, kuma yana da mai karɓarsa bayan kwanan aiki. Manufar raba ayyuka da Najeriya ta fitar a 2014 ta halatta wa ƙananan ma'aikata wasu ayyukan da a da sai manya, muddin an horar da su ana kuma duba su.

Babban cikas shi ne tsohuwar takaddama tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU kan albashi da shugabancin asibitoci. Duk sa'ad da ta kai ga yajin aiki, manyan asibitoci sukan rage karɓar marasa lafiya, ƙananan kuma su rasa inda za su tura nasu.