Me Ke Cinye Haƙurin Ma'aikatan Jinya?

Ƙorafin da aka fi yi a kan ma'aikatan jinya a asibitocinmu shi ne faɗa da ɗaure fuska. "Nas ɗin nan ba ta da tausayi," in ji 'yan'uwan majinyata. Ba a rasa masu mugun hali, kamar a kowace sana'a, amma akasarinsu da tausayinsu suka shigo aikin, wurin aikin ne ya tatse shi.

A shekarar 2002, Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 168. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar aikin ya gundure ta har zuciyarta ta gaji tana ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 kuma da kashi 7. Jihar California ma doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2004, ta ƙayyade yawan majinyatan da nas ɗaya za ta riƙe.

To, a nan gida fa? Nas ɗaya ko biyu ne kan kwana da ɗaki guda cike da marasa lafiya. An ɗauke wuta, da fitilar waya take neman jijiya. Safar hannu sai an aiki ɗan'uwan majinyaci ya sayo. In rai ya yi halinsa, ita ce a kusa, ita za ta sha zagi, wani lokacin har da mari. Da safe babu mai tambayarta yadda ta kwana. A ganina, gajiyar jiki ba ita ce ta fi karya su ba. Abin da ya fi ciwo shi ne mutum ya san abin da zai ceci rai, amma babu kayan aiki.

Shi ya sa yi musu wa'azin haƙuri kaɗai ba ya magani. Shugabar ɗaki mai sauraro, jadawalin aikin dare na adalci, hutu a kan lokaci, da abokan aikin da za a faɗa wa damuwa, su ne ke farfaɗo da zuciya.

A 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya ta ce kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Majinyatan da suka bari, a wuyan waɗanda suka rage suke.