Kokawar Kamfanonin Waya: Ina Rabon Talakan Birnin Kano?

Duk wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata ya nufi Kasuwar Kurmi, kafin ya isa zai gaji da ganin launuka uku a jikin laimomi da ƙofofin shaguna: ruwan ɗorawa na MTN, ja na Airtel, da kore na Glo. A da huɗu ne, amma na huɗun yanzu sai an bincika. Waɗannan launuka tutocin yaƙi ne, kuma abin da ake yaƙin a kansa shi ne ɗan kuɗin da ke aljihun dukanmu, daga mai rini a karofi har ɗalibar da ke duba sakamakon jarrabawa a wayar mahaifinta. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu zauna da masu karatu mu bi sawun wannan kokawa tun daga farkonta, mu ga inda ta amfane mu da kuma inda ta fara sanyi.

Manya daga cikinmu ba su manta da zamanin NITEL ba. An kafa kamfanin a 1985, shi kaɗai ne kuwa a fage. Har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. Mai neman layi ya cika takarda, ya jira wata da watanni, wani ma shekaru. Ɗan kasuwar Kurmi da ke son magana da abokin cinikinsa a Ikko sai ya fita bayan ganuwa ya bi layi a ofishin waya, ko kuwa ya ba direban mota wasiƙa. Ba wanda ke tsoron ka yi fushi, domin ba inda za ka.

Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, a 1992, amma ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai a watan Janairun 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, lokacin da hukumar a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka. Kowane lasisi ya tashi a kan Dala miliyan 285. MTN na Afirka ta Kudu da Econet mai asali daga Zimbabuwe suka biya, aka keɓe wa NITEL nasa. A watan Agustan shekarar suka fara aiki.

To, a nan ne darasi na farko yake. Kamfanoni biyu sun shigo, amma farashi bai yi wani sauƙi ba. Layi kawai, ba tare da waya ba, yakan kai Naira 20,000, kira kuma Naira 50 a minti ɗaya. Ko daƙiƙa biyar ka yi layin ya katse, kuɗin minti guda za a cire maka. Da jama'a suka yi kuka, sai aka ce musu lissafi da daƙiƙa ba abu ne da zai yiwu nan kusa ba. Ana nan sai Globacom na Mike Adenuga ya shigo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. Ba a yi wata nawa ba sauran suka bi sahu, abin da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu. Kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. Ba roƙo ne ya kawo wannan ba, ba kuma tausayi ba. Tsoron kishiya ne.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A tsibirin Jamaika, can yankin Karebiyan, kamfanin Ingila mai suna Cable & Wireless ne ya daɗe yana cin karensa ba babbaka, sai Digicel ya shiga a watan Afrilun 2001, shekara ɗaya da namu gwanjon, waya ta wadata a hannun talaka. Daga baya wani na uku mai suna Claro ya shiga, amma a 2011 ya sayar wa Digicel harkarsa ya fita, kasuwa ta koma hannun manya biyu. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo kansa.

Waɗanda suka faɗi a hanya

Fagen namu ya taɓa cika maƙil. Mutanen Kano za su tuna da Starcomms, da Multi-Links, da Visafone, masu wayoyin da ake ajiyewa a kan tebur da 'yan na'urorin da ake soka wa kwamfuta don shiga intanet. Duk sun shuɗe. Visafone MTN ne ya saye shi. Econet kuwa suna ya yi ta canzawa kamar mai gudun bashi: Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, kana Airtel a 2010 da Indiyawa suka karɓa. Etisalat na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya shigo a 2008 da lambar 0809, matasa suka rungume shi saboda kyawun intanet ɗinsa, amma bashin Dala biliyan 1.2 da ya ci a hannun bankuna 13 ya durƙusar da shi a 2017. Larabawan suka janye, ya koma 9mobile, a 2025 kuma ya sake suna zuwa T2. NITEL da kansa an sayar da kadarorinsa, ya dawo da sunan ntel a 2016, sai dai bai sake zama abin da ya ke a da ba.

Me ya sa ƙanana ke mutuwa? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wannan sana'a ce da sai ka kashe dukiya mai yawa kafin kwabo ya shigo. Sai ka sayi zangon iska daga gwamnati, ka kafa turaku, ka shimfiɗa waya a ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin turke ɗaya ne, ko mutum 100 ke amfani da shi ko 5,000. Saboda haka mai jama'a da yawa kullum kayansa sun fi araha a gare shi, ribar kuma ya ƙara kafa turaku da ita, jama'a su ƙara komawa wurinsa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sabis ɗinsa ya raunana, mutane su gudu, kuɗin gyara ya gagara. Tun a 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin wanda ya rinjayi kasuwar kira, ta ɗora masa wasu sharuɗɗa.

Da harka ta koma ta intanet, tazarar sai ta ƙara faɗi. An ba da lasisin 3G a 2007. A 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda biyu, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Ikko, WACS ta biyo a 2012, Equiano ta kamfanin Google a 2022. Sai dai duk a bakin teku suke sauka, mu kuwa tsakaninmu da Ikko ya kai kilomita 1,000. Kowace hira ta WhatsApp da aka aika daga Yakasai ko Dala sai ta bi zaren gilashi da aka binne a gefen hanya, wanda masu aikin titi kan tsinke, ɓarayi ma kan tone. Jihohi kuma na karɓar kuɗin izinin haƙa. An yi yarjejeniya a kan Naira 145 kowace mita, amma an daɗe ana jan ƙafa wajen cika ta. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu wayoyin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har bankunanmu na Kano sai da suka ji a jika.

Cikin ganuwa kuma akwai tata matsalar dabam. Birni ne da aka gina don ƙafa da jaki: lunguna ƙanana, gidaje manne da juna, katangu masu kauri, ga jama'a cunkus. Wurin kafa turke wuya, haƙa ramin waya a lungu ya fi wuya. Ga kuma wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba. Zangon iska iri-iri ne. Na ƙasa-ƙasa, kamar mai lamba 800, yana tafiya nesa yana kuma ratsa bango, shi ne ma babban abin da MTN ya hango a jikin Visafone. Na sama kuwa, irin wanda aka yi gwanjonsa don 5G a watan Disambar 2021, inda MTN da Mafab suka biya Dala miliyan 273.6 kowannensu, yana ɗaukar kaya da yawa da sauri, amma ba ya nisa, bango kuma na tare shi. Kano na cikin birane bakwai da MTN ya fara 5G a 2022. Amma wanda ke zaune a ƙuryar ɗaki can cikin lungu kada ya yi mamaki in ya ga sai ya fito zaure, ko ya hau soro, kafin saƙo ya tafi.

Alkalin wasa da farashin data

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen 2016 wanda ya kamata a riƙa tunawa. A lokacin ɗan Kano ne ke shugabancin NCC, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, wanda ya riƙe hukumar daga 2015 zuwa 2023. Kamfanoni sun shiga karya farashin data, kowa na neman ƙwace jama'ar ɗan'uwansa. Hukumar ta ga cewa idan manya suka ci gaba da sayarwa da arha haka, ƙanana za su mutu, daga nan manyan su tsuga abin da suka ga dama. Sai ta sa ƙa'idar farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, daga ranar 1 ga Disamba. Ma'anarsa ga talaka ita ce data za ta yi tsada. Ƙasa ta ɗauki kuka, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka dakatar da umarnin. A ganinmu jama'a na da gaskiya, domin ba a gyara gobe da yunwar yau. Amma tsoron da hukumar ta ji shi ma ba na banza ba ne, ga shi kuwa mun gani da idonmu.

Bayan da aka tilasta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aikin da aka fara a watan Disambar 2020, aka kuma tace alkaluma a 2024, sai ta bayyana cewa miliyoyin layukan da ake ƙirgawa ba sa aiki. A lissafin 2025 MTN na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, Airtel wajen kashi ɗaya cikin uku, Glo na biye daga nesa, na huɗun kuwa bai kai kashi 3 cikin 100 ba. A shekarar ce ma 9mobile ya ƙulla yarjejeniyar hawa kan turakun MTN don jama'arsa su sami sabis, MTN da Airtel kuma suka amince su riƙa raba wasu kayan aiki. Wannan na iya rage ɓarnar kuɗi, mun yarda. Sai dai wanda ke kwana a ɗakin abokin kokawarsa, da wane ƙarfi zai kayar da shi? Abin da ya sami Jamaika ke nan muke hangowa: suna huɗu a takarda, biyu a fage.

A watan Janairun 2025 NCC, a ƙarƙashin Dokta Aminu Maida, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kamfanonin kashi 100 suka nema. Hujjarsu ita ce farashi bai motsa ba tun 2013, alhali man gas da turaku ke sha ya yi tsada, Naira kuma ta faɗi daga wajen 460 a Dala ɗaya a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, kayan aikinsu kuwa da Dala ake sayowa. MTN ma ya bayyana hasarar kusan Naira biliyan 400 a 2024. Ba mu ce ƙarya suke yi ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, a 2003 da ɗaya ya motsa sauran sai su rage, a 2025 kuwa kusan tare suka hau. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa 6, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi barazana, aka zauna aka tashi, ƙarin dai ya tabbata.

Wani zai ce ai data ba abinci ba ce. A da ne wannan magana ke da ƙarfi. Wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya san yadda ciniki a Kurmi da Kantin Kwari da Sabon Gari ya koma kan waya, mai sayar da tumatir ma sai da ya koyi karɓar tiransifa, kuma in sabis ya ɗauke mai saye da mai sayarwa su tsaya cirko-cirko. Masu POS da ke kowace kusurwa da data suke aiki. Dubban matasa na cin abinci a kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut. Iyayenmu da ke ƙauye ta waya ake aika musu kuɗin taki da na magani. 'Yan'uwanmu na Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, da aka rufe musu sabis a watan Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, sai da wasunsu suka riƙa tafiya wata jiha don kiran waya ɗaya.

Abin da ya rage a hannun mai saye ba shi da yawa, amma akwai. Tun watan Afrilun 2013 doka ta ba kowa damar ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ta canza ba. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa, ba a kuma biyan ko kwabo. Mu dai mun fi son ɗaukar waya mai layi biyu, wanda shi ma wata dabara ce, amma ƙaura ta fi tsorata kamfani. Wanda aka ci masa kuɗi ba dalili ya fara kai kuka ga kamfanin, ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a 622, kyauta ne. Mai son a daina damunsa da saƙonnin talla ya aika STOP zuwa 2442.

Sabon baƙo a fagen shi ne Starlink na Elon Musk, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Shi daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, ba ruwansa da ramin titi ko faɗin lungu, faifai kawai za a ɗora a kan soro. Amma kuɗin na'urar dubban ɗaruruwan Naira ne, na wata kuma dubun-dubata, don haka ya fi zama na ofisoshi da makarantu da masu hali. Ita ma gwamnatin tarayya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren gilashi a faɗin ƙasa. Idan zaren ya iso, kuma aka bar ƙananan kamfanoni su hau kansa a farashi ɗaya da manya, to, ana iya samun na uku da na huɗu masu ƙarfi a Kano. Tambayar da za mu riƙa yi wa wakilanmu ita ce kilomita nawa ne daga ciki za su shigo ta Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai, kuma nawa jiha za ta karɓa a kan kowace mita.