Kyauta ba sai mai wadata ba

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, rumbuna kan ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, kuɗin tiya kuma ya hau a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. A lokacin ne ake gane mai sakin hannu. Mu Kiristocin Nijar ba mu da yawa, akasarinmu kuma talakawa ne, shi ya sa mukan ce bari mu samu tukuna sannan mu bayar. To, Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan magana ba.

A Markus sura 12, Yesu ya zauna a Haikalin Urushalima yana kallon masu zuba baiko. Attajirai suka zuba da yawa. Wata gwauruwa ta zo ta saka ƴan ƙananan tsaba biyu, waɗanda darajarsu kashi ɗaya ne cikin 64 na ladan lebura na yini guda. Amma ita Yesu ya yaba, domin sauran daga rararsu suka ciro, ita kuwa abin cefanenta ne ta bayar. Ashe ba yawan abin da ya fita daga aljihu ake dubawa ba, abin da ya rage a ciki ake dubawa.

Mata ƴan kasuwa, ku ma kuna da naku a cikin Littafin. Ayyukan Manzanni sura 9 ta ba da labarin Tabita ta garin Yafa, mai ɗinka wa gwauraye tufafi. Ranar da ta rasu, matan nan suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. A sura 16 kuma ga Lidiya, mai sayar da yadin shunayya mai tsada a Filibi, wadda ta sauke Bulus da abokan tafiyarsa a gidanta. Ɗaya da allura ta yi kyauta, ɗaya da ɗakin baƙi. Babu wadda ta bar sana'arta.

Haka nan masu bi na Makidoniya. Bulus ya shaida cewa cikin tsananin talauci suke, amma su suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar talakawan Urushalima. Ya kuma koya wa mutanen Koranti dabara mai sauƙi: ranar farko ta kowane mako, kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa. Mai yin adashe ta san yadda dala-dala ke zama jikka.

Akwai kuma gargaɗi ga masu harkar hatsi. Karin Magana sura 11 ta nuna cewa jama'a kan tsine wa mai ɓoye hatsi, su sa wa mai fito da shi albarka. Ba mu manta da 2005 ba, bayan fari da farmakin fara na 2004. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, amma buhu ya haura jikka 20, iyaye mata suka cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa a Maraɗi. Ɗan kasuwa Kirista da ke zuba baiko ranar Lahadi, ran Litinin ya ƙulle sito yana jiran tsada, ko ya rage mudu, ya warware abin da ya ɗinka.

Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, da kyautar masu bi na ƙasashen waje ya tashi, yana kuma karɓar Musulmi da Kirista. Mun gode musu, amma ba za mu dawwama da miƙa ƙwarya ba. Da kaka, kowane gida ya kai dami ko tiya rumbun majami'a, a ajiye har tsakiyar damina, a raba wa gwauraye da marayun unguwa ba tare da tambayar addininsu ba. Mai tuyar ƙosai ta ware cinikin farko. Mai shago ya yafe wa wadda ta kasa biyan bashi, kada kuma ya yi shela.

Mu dai tuna, kyauta ba adashe ba ce da Allah, da za a zuba yau a jira kwasa gobe. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zuciyar rabawa.