Shin Ko Kun San? Abubuwan Mamaki Game Da Janaretan Ko-ta-kwana

Shin ko kun san a asibitocin Amurka sakan 10 kacal ake ba janareta? Da an ɗauke wuta, dole ya tashi ya kai wuta ɗakin tiyata kafin sakan goma su cika. Ku ƙirga da yatsunku ku gani!

Kuma babu mai rugawa da tocila ya kunna shi. Akwai na'urar sauya layi da ke gadin wutar gari dare da rana. Tana jin ƙarfin wutar ya faɗi, sai ta tada injin, ta yanke layin gari, ta ɗora ginin a kan janareta. Wuta ta dawo kuwa, ba ta gaggawar komawa. Sai ta jira 'yan mintoci ta tabbatar ta zauna.

To wa ke riƙe waɗancan sakan goman? Batura ne, na na'urar UPS. Su ke hana kwamfutocin banki da injin taimaka wa numfashi ko ƙiftawa.

Ga wani abin. Janareta mai ƙarfin megawat 1 yana shan fiye da lita 200 na man dizal a awa guda in ya ɗauki cikakken kaya. Duro guda ke nan, har da ƙari! Amma ana iya cusa shi cikin kwantena ɗaya, a ɗora wa tirela, a kai wa mai haya har ƙofa. Haka kamfanin Aggreko na Sikotilan ke yi. Shi ya ba da hayar wuta a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, da wasannin Olamfik na Landan a 2012.

Har tashar wuta sukutum ana haya! Kamfanin Karpowership na Turkiyya a kan jirgin ruwa yake gina tasa. Jirgin ya zo ya tsaya a gaɓa, a ja waya, gari ya haskaka. Ghana ta karɓi irin wannan jirgi a 2015, lokacin da ɗaukewar wuta ta addabi ƙasar.

Yanzu ku saurari wannan da kyau. A watan Oktoban 2012 guguwar Sandy ta afka wa birnin New York. Janaretocin asibitin Bellevue suna can hawa na 13, ruwa bai taɓa su ba. Amma famfunan tura musu mai fa? Suna ƙarƙashin ƙasa, ambaliya ta shanye su. Sai ma'aikata suka jeru a matakala, suna miƙa wa juna mai hannu da hannu har hawa goma sha uku, don kada injinan su mutu marasa lafiya na kwance. Daga baya sojoji suka kama musu. Jarumta ke nan, wallahi.

A Fukushima ta Japan ma, ranar 11 ga Maris 2011, janaretocin tashar nukiliya sun tashi lafiya lau bayan girgizar ƙasa. Cikin ƙasa da awa guda igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 14 ta iso ta nutsar da su. Guda ɗaya tal ya ci gaba da aiki, shi ya ceci tukwanen nukiliya biyu daga cikin shida na tashar.

Filin jirgin saman Atlanta kuwa, a Disambar 2017, gobara ce ta ci layin wuta haɗe da hanyar sauyawa zuwa na ko-ta-kwana. Awa kusan 11 cikin duhu. An soke tashin jirage sama da 1,000!

Kun san janareta yana ciwo in kaya ya yi masa kaɗan? Ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, mai ba ya ƙonewa sosai, sai baƙin maiƙo ya riƙa tsiyaya daga salansa. Shi ya sa masu ba da hayar janareta ke zuwa da wata na'ura wadda aikinta kawai ta sha wuta ta mai da ita zafi.

Man dizal ma in ya daɗe a tanki, ruwa ya shiga, ƙwayoyin cuta na hayayyafa a ciki har su toshe matata. Kuma abin da ya fi hana waɗannan ƙattin injina tashi shi ne mataccen batir!

In akwai asibiti a unguwarku, ku tambayi masu kula da shi yaushe rabon da a gwada janaretansa da kaya a kai.