Sunan da Ke Kan Saƙo Ba Isnadi Ba Ne: Jabun Saƙonnin Waya a Ma'aunin Malaman Hadisi da Fiƙihu

Gabatarwa

Koke ya yawaita a kan saƙonnin tes masu zuwa da sunan banki ko wata hukuma, alhali 'yan damfara ne suka turo su. Wannan maƙala za ta bayyana yadda abin yake faruwa, sannan ta auna shi da ƙa'idojin da magabata suka shimfiɗa game da dogaro da rubutu.

Yadda ake ƙirƙirar sunan mai aikawa

Tsarin saƙon tes ya ba kamfanoni damar sanya suna, wanda bai wuce harafi 11 ba, a gurbin lambar waya. Mai aikawa shi ke rubuta sunan da hannunsa, kuma asalin tsarin bai tanadi hanyar tantance ko nasa ne ba. Ita kuwa waya takan tara saƙonni masu suna ɗaya a wuri guda, sai na jabu ya faɗo ƙarƙashin saƙonnin banki na gaskiya, ya ari amincinsu.

Haka ta faru a ƙasar Singafo a Disambar 2021, inda mutane kusan 790 masu ajiya a bankin OCBC suka yi asarar dalar Singafo miliyan 13.7, bayan sun bi adireshin intanet da ke cikin irin waɗannan saƙonni, suka shigar da bayanansu na sirri. A kasuwannin Nijeriya kuwa an fi sanin matsalar da sunan alat na bogi: mai saye ya nuna saƙon shigar kuɗi, ya ɗauki kaya, alhali ko kwabo bai shiga asusun mai sayarwa ba.

Rubutu da hatimi a wurin magabata

Matsalar tsohuwa ce. Malaman tarihi, irin su Ɗabari, sun kawo labarin wasiƙar da tawagar Masar ta kama a shekara ta 35 bayan hijira, ɗauke da hatimin Halifa Usmanu ɗan Affan (RA). Ya rantse bai rubuta ta ba, bai kuma yi umarni da ita ba, ya nuna cewa ana iya kwaikwayon rubutu, ana iya sassaƙa hatimi. Duk da haka wasiƙar ta zama makamashin fitinar da ta ƙare da kashe shi.

A fagen shari'a, Bukhari ya ambata a Littafin Hukunce-hukunce cewa alƙalan farko sukan zartar da wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali bisa hatimi kawai, har sai da Ibnu Abi Laila da Sawwar ɗan Abdullahi suka fara neman shaidu a kanta. Wato da amana ta yi rauni, sai aka tsaurara sharaɗi.

Mafi kusa da wannan mas'ala shi ne babin mukataba, inda malami yake aika wa ɗalibi hadisi a rubuce. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya rinjayar da cewa ya wadatar ɗalibi ya gane rubutun malaminsa. Wasu sun ƙi, saboda rubutu yakan yi kama da rubutu, amma ya raunana maganarsu da hujjar cewa irin wannan rikicewa ba safai take aukuwa ba. A nan ne bambancin yake. Rubutun hannu yana ɗauke da siffar mai shi, kuma kwaikwayonsa sai gwani. Sunan da ke kan saƙon tes kuwa ba ya ɗauke da siffar kowa, ƙirƙirarsa kuma ba ta da wuya. Tunda illar da aka gina rangwamen a kanta ta gushe, hukuncin ma ya gushe. Sunan da'awa ce kawai, ita kuwa da'awa sai da shaida.

Abin da ya hau kan kowane ɓangare

Mai ƙirƙirar saƙon ya haɗa ƙarya da algus da cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna, ya kuma ɓata sunan wanda ya jingina wa magana. Wajibi ne ya mayar da abin da ya ci, hukuma kuma tana da ikon yi masa ta'aziri.

Wanda saƙo ya zo masa yana ƙarƙashin umarnin aya ta 6 ta Suratul Hujurat, mai wajabta bincike kafin aiki da labarin fasiƙi. Idan an ce a binciki wanda aka san shi amma adalcinsa ya faɗi, to ina ga wanda ba a ma san ko wane ne ba? Binciken kuma sai ta wata hanya daban, kamar yadda masana hadisi suke neman mutaba'a: ya kira lambar da ke bayan katinsa na banki, ko ya je reshe da ƙafarsa, ba lambar da ke cikin saƙon ba. Kada ya ba kowa lambobinsa na sirri.

Ɗan kasuwa kuma ya sani ganin alat ba karɓar kuɗi ba ne. Muddin kuɗin bai tabbata a asusunsa ba, farashin kayan yana nan bashi a wuyan mai saye.

Hukuma da kamfanonin sadarwa su ne ke da nauyin toshe kafar ɓarna. Tun daga 31 ga Janairun 2023 Singafo ta wajabta wa ƙungiyoyi rajistar sunayen da suke aika saƙo da su, wanda bai yi ba kuma sai saƙonsa ya isa da tambarin zargin damfara. Wannan ya yi kama da aikin malaman jarhu da ta'adili, na rarrabe amintacce da wanda ba a sani ba.

Kammalawa

Al'ummar da ta ƙi karɓar hadisi sai ta san mazajen da suka ɗauko shi, bai dace ta miƙa dukiyarta saboda suna mai harafi 11 ba. Ya kamata limamai da malaman Islamiyya su shigar da wannan bayani cikin huɗubobi da darussan mu'amala, musamman ga tsofaffi da 'yan kasuwa. Allah shi ne Mafi sani.